Bazara Ce, a Rage wa Jarirai Kaya

Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, ba sai an gaya wa kowa ana zafi a ƙasar Hausa ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yola da Kano zafi kan haura digiri 40, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma ta yi ta gargaɗi a rediyo. Manya dai kowa ya san dabarar kansa. Magidanci ya tuɓe babbar riga ya koma 'yar shara, ya ja tabarma gindin darbejiya. Uwargida ta ɗaura zani a ƙirji tana fifita da murfin kwano. Ɗan makaranta ya tsaya wajen mai ƙanƙara. Mutum ɗaya ne a gida ba ya iya tuɓe wa kansa riga, ba ya iya cewa ƙishirwa yake ji, wato jariri. Shi kuma muka zaɓa mu jibga wa kayan hunturu.

Kwanan baya, bayan azahar, muna cikin adaidaita sahu cunkoso ya riƙe mu, wata matashiyar uwa ta shigo da goyo. Da ta zauna ta ɗaga hijabinta mai kauri har ƙasa don ta kwance yaron, sai muka ga abin da ke ciki. Zani, sannan majanyi, sannan tawul, sannan shawul. Cikin shawul ɗin jariri ne sanye da rigar ulu mai haɗe da wando, da hular ulu an ja ta har gira, da safar ƙafa, da safar hannu, ga pampas. Gashinsa ya jiƙe ya manne, fuska ta yi jajir, wuya da hammata duk ƙurajen zafi. Yana buɗe baki kamar zai yi kuka, amma muryar ba ta fita sosai.

Wata dattijuwa da ke gefe ta kasa haƙuri, ta ce, "Haba 'yar nan, cire masa hular nan mana, ba ki ga yaron ya galabaita ba?"

Ta ce, "Wallahi Hajiya, kakarsa ce ta ce kada a bari iska ta shige shi. Wai ƙirjinsa bai yi ƙwari ba."

Dattijuwar ta ce, "Wace iskar? Ke kin ji wata iska a garin nan yau?"

Aka yi dariya, ta cire hular. Amma da ta zo sauka, muna kallo ta mayar masa da ita, ta ɗaure shi, ta sake rufa hijabi a kansa ta shiga rana. Tsoron faɗan uwar miji ya fi mata tsoron zafi.

Ba ita kaɗai ba ce. Ku duba layin rigakafi a kowane asibitin sha-ka-tafi, ku duba gidan suna da gidan biki, ku duba bakin kasuwa da tsakar rana. Jarirai ne a naɗe kamar ana turara dambu. Kuma a fahimce ni, ba hijabi nake zargi ba. Abin da nake magana a kai shi ne rufe kan yaro da hancinsa ruf a ƙarƙashin yadi mai kauri, bayan an riga an naɗe shi ninki huɗu, a ranar da kwalta ke narkewa. A wannan lungun, gabansa jikin uwa ne mai zafin digiri 37 tana zufa, bayansa tarin tsummoki, samansa yadin da rana ke duka. Iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Ta ina zafin zai fita?

Jikin jariri ba irin namu ba ne. Fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da ɗan nauyinsa, don haka zafin waje yana ratsa shi da sauri, kuma bai iya fitar da zufa yadda babba ke yi ba. Ruwan jikinsa ma ɗan kaɗan ne, nan da nan yake ƙarewa. Likitocin yara sun daɗe da sanya yawan lulluɓi da rufe kai cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai farat ɗaya a cikin barci. Sai a wayi gari a ce kwanansa ne ya ƙare. Haka ne, kowa da kwanansa, amma Wanda ya ƙaddara kwanan Shi ne ya ba mu amanar yaron, ya kuma ba mu hankali.

Iyayenmu da kakanninmu ba su yi ƙarya ba da suka ce sanyi na illa ga jariri. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busawa, hula da safa da shawul duk daidai ne. Ɗan da aka haifa yau, ko bakwaini, ko wanda ya zo da ƙarancin nauyi, yana buƙatar ɗumi, kuma ma'aikatan asibiti za su gaya wa uwa yadda za ta manna shi a ƙirjinta. Matsalar ita ce an ɗauki dokar hunturu an mayar da ita dokar shekara. Wani abin ma ba tsoron sanyi ba ne, ado ne. An kawo kayan barka masu tsada, set na ulu daga kanti, dole sai an sa wa yaro dangi sun gani kafin ya fi ƙarfinsu. To a bari su yi masa kaɗan ɗin. Asarar riga ai mai sauƙi ce.

A bazara riga ɗaya ta auduga, mara nauyi, ta ishi jariri. A cikin ɗaki da rana, kunzugu kaɗai ma ya wadatar. Uwar da ke son sanin ko ɗanta na jin zafi ta taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu da ƙafa ba, domin su kan yi ɗan sanyi ko da jiki ya ɗau zafi, kuma su ne ke ruɗin mata har su ƙara safa. Idan ƙeya ta jiƙe da zufa, a rage kaya. Idan fita ta zama dole, a fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A goya shi da zani ɗaya, a bar kansa da fuskarsa a waje, a riƙe lema. Lema ba ta damina kaɗai ba ce. Da an isa inuwa a kwance shi ya sha iska, ba a zauna da shi a baya ana hira har awa biyu ba. Ƙurajen zafi kuma ba man shafawa mai maiƙo suke so ba, ba kuma man zafi ba. A yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi-ɗumi, a bar fatar ta bushe.

Sai batun ruwa, inda wasu ke gyara ɓarna da wata ɓarnar. An ga yaro ya galabaita, sai a fasa ledar fiya wata da ta wuni a rana a ɗura masa. Jaririn da bai kai wata shida ba nono zalla ya ishe shi, ko da a Afrilun Sakkwato ne, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tana da dalili: ruwan da aka ba shi yana cika masa ciki ya rage shan nono, idan kuma ruwan ba shi da tsabta ya jawo gudawa, gudawa a bazara kuwa ita ce ke tsotse yaro cikin wuni ɗaya. Abin yi shi ne a yawaita ba shi nono, dare da rana, kada a jira sai ya yi kuka. Uwar ce za ta yi ta shan ruwa. Wanda ya wuce wata shida a riƙa ba shi tafasasshen ruwa da ya huce, kaɗan-kaɗan, a kai a kai.

Tunda an ambaci uwa, mai jego ma tana cikin wahalar. A zafin nan ana tafasa mata ruwan wanka safe da yamma, a bi da kunun kanwa kwano guda. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kanwa da kwanciya a gadon wuta. Ruwa mai ɗumi ya isa wanka, kanwa kuma a yi hankali da ita, musamman ga mai hawan jini.

Maza kuma kada su ɗauka maganar mata ce. Sau nawa za ka shiga gida ka tarar fanka mai caji ɗaya tilo tana turakar maigida, shi kuwa yana majalisa, mai jego da jaririnta suna ɗakin kwano mara silin, taga ɗaya, ita ma an toshe ta da labule mai kauri? Ɗakin kwano da ƙarfe biyun rana ya fi waje zafi. A fitar da su rumfa ko zaure mai iska. A rataya jiƙaƙƙen zani a taga. Idan zafin ɗaki ya wuce kima, fanka kaɗai iska mai zafi take hurowa, sai an haɗa da goge jiki da jiƙaƙƙen tsumma. Da dare in za a kwana a tsakar gida, a ɗaura gidan sauro. Kuma maigida ne ya kamata ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ya ce Inna, likitoci sun ce a rage masa kaya har ruwa ya sauka. Bai kamata a bar yarinya 'yar shekara goma sha tara ta yi wannan jayayyar da surukarta ita kaɗai ba.

Masu cewa mu 'yan rana ne, zafi ba ya kashe mu, su tambayi mutanen Mali. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi ne. Su ma 'yan rana ne kamar mu. Don haka tsohuwar da ke kwance a ƙuryar ɗaki, wadda ba ta cika jin ƙishirwa ba, ita ma a riƙa leƙa ta ana miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba.

Alamomin da ya kamata su tayar wa iyaye hankali ba ɓoyayyu ba ne. Maɗiga ta faɗa ciki. Ido ya zurma. Baki ya bushe, yana kuka babu hawaye. An wuni kunzugu bai jiƙe ba, ko fitsarin ya yi ja. Ya ƙi kama nono, ya yi laushi, barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar. Kada a ce haƙori ne, yaron wata biyu wane haƙori yake fitarwa? Kada a ce iska ce a tsaya turare, hayaƙi a rufaffen ɗaki ƙarin wahala ne. Kada kuma a aika yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓi a zauna jira, domin zafin da rana da lulluɓi suka jawo ba ya jin farasitamol. A tuna kuma bazara ita ce lokacin sanƙarau da ƙyanda, zazzaɓin da aka ɗauka na zafin gari ne yana iya zama ɗayansu, musamman idan maɗiga ta kumbura maimakon faɗawa, ko yaro ya fara jijjiga.

Duk jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa ba tare da jiran gobe ba. Kafin a samu abin hawa a tuɓe masa kaya, a shafe jikinsa da ruwan randa, ba ruwan ƙanƙara ba, a yi masa fifita, in yana iya tsotsa a ba shi nono. A hanya a riƙe shi a hannu cikin zani ɗaya mara nauyi, fuskarsa a buɗe yadda uwar za ta riƙa ganin numfashinsa, har a miƙa shi ga ma'aikacin lafiya.