Kututturan Maraɗi da Ɗumamar Duniya

Kusan rabin nauyin busasshen itace sinadarin kabon ne. Daga iska bishiya take samo shi: ganyenta na zuƙar iskar kabon dayoksaid, hasken rana ya taimaka mata ta mayar da ita reshe, gangar jiki da saiwa. Ranar da aka sare ta aka yi gawayi, ko aka banka wa daji wuta, abin da ta tara shekara da shekaru sai ya koma sama, ya ƙara kaurin iskar da ke hana zafi ficewa daga doron ƙasa. Shi ya sa sare dazuzzuka ke bin bayan ƙona fetur, gas da kwal a jerin masu ɗumama duniya.

Maganin da aka fi sani shi ne dashe. Sai dai kowa ya ga yadda dashen biki yake ƙarewa: a ɗauki hoto, a watse, awaki su gama da sauran.

Manoman Maraɗi wata hanya suka bi. Bayan farin shekarun 1970, gonaki sun yi fayau. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututture ne mai tsohuwar saiwa da ranta. Aikin ba wuya: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse saura, ya kare su daga dabbobi. Saiwar ta riga ta kai ga laima, ba ta neman ban ruwa. Gawo ya fi samun karɓuwa, don da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Binciken da ya haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam ya kiyasta bishiyoyi miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Ba don kabon manoman suka yi ba, don itacen girki da amfanin gona ne. Abin ya kankama ne da suka tabbata bishiyar tasu ce, ba ta jami'in gandun daji ba.

Wannan ba zai shanye hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ba, kada a ruɗe mu. Amma hukumomin da ke kashe kuɗi kan dashe a Katsina, Jigawa da Sakkwato su fara ba manomi tabbacin cewa abin da ya raina a gonarsa nasa ne.