Ba a Jini Abin Yake Ba

Ana yawan cewa Bahaushe ko Bafulatani ba ya kashe kansa, wai wannan ɗabi'ar wasu ƙabilu ce. Gaskiya ne alƙaluma sun nuna bambanci: a Amurka, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar sun fi kowace ƙabila mutuwa ta wannan hanya. Sai dai binciken Chandler da Lalonde na 1998 a yammacin Kanada ya warware zare da abawa. A cikin 'yan asalin ƙasar, al'ummomin da ke riƙe da filayensu da makarantunsu da ragamar mulkinsu ba kasafai matasansu ke kashe kansu ba, waɗanda aka raba da waɗannan abubuwa kuwa abin ya yi musu muni. Asali ɗaya, halin rayuwa ne ya bambanta.

To, a auna Zamfara da wannan ma'auni. Manomin ƙauyen Tsafe da ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, yau yana kwana da iyalinsa a kango a Gusau. Matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga, miji ya ƙi haɗa ido da ita. Makiyayin da aka kore wa garke, ya shiga kasuwar Bungudu ana yi masa kallon ɓarawo. Duk an raba su da abin da ke riƙe mutum, kuma ciwon damuwa ba ya tambayar yare.

Wani zai ce ai imani na tsare mu. Yana tsarewa ƙwarai, haramcin da addini ya yi da kuma zumunci garkuwa ne. Amma kada mu ɗauki shiru a matsayin lafiya. Gawa a nan ana sallatarta cikin 'yan sa'o'i, a ce “gajeriyar rashin lafiya” don rufin asiri. Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira kuwa, sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Wa zai kai ɗansa a rubuta sunansa? Abin da ake ɓoyewa ba ya shiga lissafi.

Saboda haka idan ɗan'uwa ya fara cewa “gara in huta”, ya daina fitowa majalisa, kada a sallame shi da “ka yi haƙuri” kawai. A zauna a saurare shi, a ɗauke maganin ƙwari daga ɗakinsa, a raka shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.