Tukunyar Kabul, Alayyahun Kano

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SAI A RAGE SAUTI)

 Yau maganar girki za mu yi, amma uwargida kada ki yi saurin hura wuta, domin tukunyar tamu daga nesa muka aro ta, daga ƙasar Afganistan. Ganyen da za mu zuba mata kuwa na gida ne, alayyahun nan da ake ɗaurawa dami-dami a kasuwar 'Yankaba. Kuma kafin mu sauke, sai mun bi ta Bompai da Sharaɗa da Challawa, don akwai abin da ya haɗa waɗannan unguwanni na masana'antu da abin da ke cikin tukunyar.

A wurinmu ganye ɗan rakiya ne. A miyar taushe kabewa da gyaɗa su ne manya, alayyahu da yakuwa sai can an kusa saukewa a watsa su. A faten tsaki ma haka, a dafa-duka ma haka. Ko miyar ganyen da muke ji da ita, kayan miya da manja da daddawa ne ke ɗauke da ita. Mutanen Afganistan kuwa suna da wani girki da suke kira sabzi, wanda ganyen shi ne miyar ɗungurungum. Za a cika tukunya taf da shi, a bar wuta ta karya masa gadara har ya koma ɗan kaɗan, ya yi duhu, ya yi laushi, mai ya taso samansa. Da shi ake cin farar shinkafarsu mai suna calau, ko a dangwala da burodinsu na tanderu. Bakano ba zai yi baƙunta a nan ba, don duk wanda ya taɓa ganin matan unguwar Jakara suna manna gurasa a jikin tanderu, to ya ga rabin yadda ake gasa burodi a Kabul.

Ganyen nasu, wanda suke kira palak, asalinsa ƙasar Farisa ne, maƙwabciyarsu. Daga can ya bi fatake gabas har ya isa ƙasar Sin ta hanyar Nepal a shekarar 647, Larabawa kuma suka ɗauke shi yamma har Andalus, daga nan ya bazu a Turai. Shuka ce mai son sanyi, zafin bazarar Kano ba zai bar ta ta yi kwana nawa ba. Alayyahunmu ɗan uwanta ne na nesa, shi kuma rana ce abincinsa, ka shuka yau, cikin wata guda ka fara yanka. Sabzi yana da daraja a wurinsu har ta kai shi ne abincin daren jajibirin Nauruz, wato sabuwar shekararsu da ke faɗowa a wajen 21 ga Maris, lokacin da ƙanƙara ta narke ƙasa ta fara tsiro. A 2022 gwamnatin Taliban ta soke hutun wannan rana, amma soke hutu daban, hana uwargida ɗora tukunya daban.

(KIƊA A TAƘAICE)

To, ga yadda ake yi, da kayan da za ki samu a kasuwar Rimi ko wurin mai kayan miya na bakin layi.

Ki sami alayyahu mai yawa. Idan kin ga kamar ya yi yawa, ki ƙaro, don zai ba ki mamaki a tukunya. Ki tsinke ganyen, ki ajiye karan da ya yi tauri, ki wanke, ki yanka ƙanana. Ki yanka albasa manya biyu, da lawashi dami guda. Su can suna amfani da wani ganye dangin albasa mai suna gandana, lawashinmu kuwa ya isa ya tsaya a madadinsa. Ki zuba man gyaɗa ba tare da rowa ba, ki soya albasar har ta yi ja, sannan tafarnuwa, sannan lawashi. Sai ki rinƙa zuba ganyen kaɗan-kaɗan kina juyawa, wannan ya kwanta ki ƙara wani. Gishiri, masoro, ɗan attarugu ɗaya idan bakin mutanen gidan ba ya yarda da abinci salam. Nasu ganyen ruwa gare shi sosai, shi ke dafa kansa, namu kuwa sai kin taimaka masa da rabin kofi. Ki rufe, ki rage wuta, ki bar shi kamar rabin awa har ruwan ya tsotse. Kanwa ba ta da gurbi a nan, daddawa ma ta yi haƙuri yau. Da kin sauke ki matsa lemon tsami. Mai hali ya dafa naman rago daban ya haɗa, marar hali ya zuba dafaffen wake, su ma haka suke yi.

Abin da ke ɗaga girkin shi ne kindirmo. Ki zuba shi a ƙyalle mai tsabta ki rataye, ruwan ya tsiyaye, ya yi kauri. Ki daka tafarnuwa ƙwaya ɗaya da gishiri ki gauraya, ki barbaɗa busasshen na'a-na'a. Cokali ɗaya a kan sabzi mai zafi, a gefen shinkafa. Na san wani zai ce nono a kan miya kuma? Malam, ɗanɗana tukuna.

A ganina wannan girki ya dace da wani mutum guda, wato ma'aikacin kamfani. Ku je ƙofar kowace masana'anta a Sharaɗa da tsakar rana ku ga layi a gaban masu abinci: shinkafa da wake da mai da yaji, garau-garau ke nan, ko taliya, ko ɗanwake, ko tuwo miyar kuka. Abinci ne na cika ciki, don mutumin da ya wuni tsaye a gaban injin narka roba ba lissafin sinadarai yake yi ba. Za ka ji ana cewa, "Hajiya, a ɗan ƙara ganye mana," ita kuma ta ɗebo ɗan latas ko kabeji da yatsu uku ta ɗora. Nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, alayyahu ne har yanzu talaka ke iya ɗauka ba tare da dogon ciniki ba, ga shi da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi da lafiyar ido. Mai abincin da ta fara ajiye tukunyar sabzi kusa da ta wake, ina jin ba za ta koma gida da saura ba.

Sai dai idan ganye ya tashi daga ɗan rakiya ya zama shi ne abincin, dole a tambayi ruwan da ya sha.

(KIƊA A TAƘAICE)

Bompai ita ce babbar yaya a cikin unguwannin masana'antun Kano, tun shekarun 1950 aka ware ta, zamanin dalar gyaɗa. Sharaɗa ta biyo baya a shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, aka yi ta kashi uku, sannan Challawa can ƙaramar hukumar Kumbotso, a bakin kogin da ta ci sunansa. Masaƙu da dama sun rufe tun daga shekarun 1980 zuwa yau, rashin wuta da kayan waje sun durƙusar da su. Amma masana'antun jima suna nan, kuma mafi yawan na ƙasar nan a Kano suke. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jeme fata, ɗan itace ne, ƙasa ta san shi. Kamfani kuwa da gishirin kuromiyam yake jima, bayan ya zubar da gashin fatar da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda ya taɓa wucewa ta Challawa da yamma ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan wari. Fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka, saura yana bin ruwa ya fita.

Ina ruwan yake zuwa? Na Bompai yana faɗawa rafin Getsi, Getsi ya haɗu da rafin Jakara wanda ya riga ya kwaso dagwalon cikin birni da na mayanka, su gangara tare har madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa. Na Challawa kuwa ba shi da nisan tafiya. A gefen waɗannan rafuka, a wurare irin su Kwakwaci da Gama Kwari, manoman rani ke da lambuna, injin ban-ruwa na ƙugi, alayyahu da latas da kabeji da karas sun yi kore shar, gwanin sha'awa. Ruwa ba ya tsami banza, ganye ma ba ya yin irin wannan kyau banza: dagwalo yana ɗauke da taki, kuma ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Manomi ya samu ruwa da taki kyauta, kusa da kasuwa. Wa zai ƙi?

Masana daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha ɗibar ƙasa da ruwa da ganye daga waɗannan wurare suna aunawa, kuma sun sha samun ƙarafa masu guba, kuromiyam da kadmiyam da dalma, a wasu wuraren fiye da abin da ƙa'idar lafiya ta yarda da shi. Kayan ganye sun fi tumatir ko kuɓewa tara irin waɗannan abubuwa, alayyahu kuma yana sahun gaba wajen zuƙa. Uwargida ki lura da wannan bambanci. Wanki da ruwan gishiri yana rage ƙasa da ƙwan tsutsa, wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Ƙarfen da ya shiga jikin ganye ta saiwa kuwa, wanki ba ya fitar da shi, tafasa ba ta ƙona shi. Ba ya kayar da mutum yau ko gobe, taruwa yake yi a hankali, ƙoda ce ke ɗaukar nauyin shekara da shekaru. Sai ka tarar lebura ya wuni yana jiƙa fata a cikin sinadari, ya fito ƙofar kamfani ya sayi abinci, a kai kuma ga ganyen da ruwan kamfanin nasa ya shayar.

Mutanen Kabul ma suna da irin wannan ciwon kai, don birnin nasu ba shi da cikakken tsarin magudanar ƙazanta, lambunan gefen gari da dama ruwan kwata suke sha.

Ni dai ba na ɗora wa mai lambu laifi. Gonar ta gado ce, wasu tun kafin a kafa tubalin kamfani na farko kakanninsu ke jan ruwa da jigo a nan. Dagwalo ne ya tarar da su. Doka kuma tana nan: an kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da masana'antun fata, waɗanda suka wajabta tace ruwa kafin a sake shi. Injin tacewa yana cin wuta, wuta kuma ita ce abin da kamfanin Kano ya fi kuka da shi, don haka duk wanda bai ji tsoron mai sa ido ba ya san inda zai rage kashe kuɗi. Wasu suna tacewa, a ba su haƙƙinsu. Launin ruwan Salanta ne ke ba da labarin sauran.

Kafin hukuma ta yi nata, abin da ke hannun mai saye shi ne baki. "Baba, wannan na ina ne?" Tambaya ce da ba ta da tsada, kuma dillalan 'Yankaba sun san motar da ta kawo kowane kaya. Akwai ganyen da ke zuwa daga Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai tun shekarun 1970, akwai na wajen Ɓagwai da ke shan ruwan Watari. Da damina kuma alayyahun gona ya wadata. Wadda take da ɗan fili a tsakar gida, ko da tsohon buhun siminti ne ta cika da ƙasa da takin akuya, a wata guda za ta yanki nata.

(KIƊA A TAƘAICE)

Idan sabzin ya yi saura, kada ki ɗumama shi haka nan, ki yi bolani da shi. Ki kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan mai da ruwa, ki rufe ta huta. Ki gutsuro kamar girman ƙwai, ki murza ya yi faɗi ya yi siriri. Ki matse ganyen sosai, don idan da ruwa a jikinsa zai huda ƙullin. Ki shimfiɗa shi a rabi, ki naɗo ɗaya rabin ki rufe, ki danne bakin da yatsa. Tanda ko kaskon suya, mai cokali ɗaya, kowane gefe ya yi ja. Wasu suna haɗawa da dafaffen dankalin Turawa da aka murƙushe, ya fi riƙe ciki. A Kabul da Herat da Mazari Sharif a bakin titi ake sayar da shi, kuma da azumi ba a cika shan ruwa babu shi ba. Ana yanka shi gida uku ko huɗu, a ci da zafinsa, da wannan kindirmon mai tafarnuwa. Yana jure a naɗe shi a takarda a tafi da shi wurin aiki, mai aikin dare zai iya cinsa da ruwan shayi.

A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)