Tarin Fuka Na Shanu

Yau za mu yi magana a kan tarin fuka, amma irin wanda yake kama shanu, domin daga jikin saniya yakan shiga jikin mutum.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. 'Yar'uwa ce ga wadda ke kawo tarin fuka na mutane, wadda wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano a 1882. Cutar ba ta gaggawa. Saniya takan yi watanni, ko shekaru, tana ɗauke da ita, tana kiwo, ana tatsarta, ba wanda ya sani. Sai can daga baya ta soma rama, ta riƙa busasshen tari, nononta ya ragu. Kafin nan kuwa ta riga ta shafa wa 'yan'uwanta ta numfashi, ta shafa wa maraƙinta ta nono.

Mutum yakan ɗauka ta hanya uku: shan madarar da ba a tafasa ba, da shaƙar numfashin saniya mai tari, da taɓa huhu da kayan cikin wadda ta kamu. Saboda haka makiyaya da mahauta da yara su suka fi shiga hatsari. A jikin yaro sau da yawa ba ta fara da tari, sai dai kaluluwa ta fito a wuya ta ƙi bajewa, ko ciki ya riƙa ciwo.

To, yaya waɗansu ƙasashe suka yi da ita? Ba magani suka ba shanun ba, don maganin yana da tsada, yana ɗaukan watanni, kuma ba tabbas ya kashe ƙwayar duka. Gwaji suka yi. Likitan dabbobi ya yi wa saniya 'yar allura a fatar wuya ko ta gindin wutsiya, ya komo bayan kwana 3. In wurin ya kumbura, to, tana da cutar. Sai a ware ta a yanka, Gwamnati ta biya mai ita diyya, a kuma hana garken nan fita ko shiga kasuwa sai an sake gwada shi an ga ya tsarkaka. A kwata kuma akwai ma'aikacin duba nama. In ya ga ƙuraje a huhu, sai a bi sawu har garken da saniyar ta fito.

Amurka ta soma wannan aiki a 1917, sa'ad da kamar saniya 5 cikin 100 ke da cutar. Cikin shekara 25 abin ya koma bai kai 1 cikin 200 ba. Ostareliya ta soma nata a 1970, har da kashe ɓaunan daji masu ɗauke da cutar, ta kuwa rabu da ita a 1997. A Ingila, a 1934, an ƙiyasta kamar 40 cikin 100 na shanun tatsa sun kamu. Sun yi gwaji gida gida, kafin 1960 ta ƙare cutar ta ragu ƙwarai. Amma a 1971 aka same ta a jikin wata dabbar daji mai kama da dage, har yau kuwa suna fama da ita. Watau in an yi sake da gefe guda, sai ta komo.

A ƙasarmu cutar tana nan, ana ganinta a huhun shanu a kwatocinmu. Shanunmu kuma suna yawon kiwo, suna cuɗanya a mashaya da kasuwa, don haka gwada su duka ba ƙaramin aiki ba ne. Amma akwai abin da ke hannun kowane magidanci da kowace uwargida.

Na farko, a tafasa madara har ta taso kafin a sha, kafin kuma a kwantar da ita ta zama kindirmo. Tsami kaɗai ba ya isa ya kashe ƙwayar. Na biyu, kada a kwana ɗaki ɗaya da maraƙi. Na uku, saniyar da ke tari tana rama a ware ta, a gaya wa malamin dabbobi. Kada a kai ta kasuwa a ɓoye, wannan kai cuta ne gidan wani. Na huɗu, a dafa nama ya nuna, huhun da ke da ƙuraje kuwa a binne shi. Na biyar, a kai jariri a yi masa allurar rigakafin tarin fuka da zarar an haife shi.

Wanda duk ya yi mako 2 yana tari, ko yana gumi da dare yana rama, ya zo ɗakin magani a duba majinarsa. Ya gaya wa malamin asibiti in yana kiwo ko fawa. Magani kyauta ne a asibitin Gwamnati, ana shansa wata 6 ko fiye, kuma kada a bari don an ji sauƙi.

Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.