Maganin Ɓera: Abin Yi In Mutum Ya Ci Shi

Ba mai musun ɓarnar ɓera. Yana cin hatsi a rumbu, shi ne kuma ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a ƙasar Barno a 1969. Amma dafin da ake zuba masa a ƙuli-ƙuli ko garin masara bai san ɓera da yaro mai rarrafe ba. Saboda haka muke jawo hankalin malaman makaranta da akawuna, tun da su jama'a kan fara nema in abu ya faru.

Dafin nan ba iri ɗaya ba ne. Na farko shi ne mai hana jini daskarewa, watau dangin warfarin, wanda aka fito da shi a Amurka a 1948. Makircinsa shi ne wanda ya ci yakan wuni lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku haɓo ya ɓalle, dasashi ya yi jini, fitsari ya yi ja. Likita yakan auna daskarewar jinin, ya ba da makarinsa, bitamin K1, in zubar ta yi yawa a yi ƙarin jini. Ƙanensa brodifacoum ya fi shi naci, har akan yi watanni ana shan makarin.

Na biyu baƙin gari ne mai warin tafarnuwa, sunansa zinc phosphide. Da ya gamu da tsamin ciki sai ya saki iska mai guba wadda ke raunana zuciya da huhu. Wannan ba shi da makari. Aikin likita shi ne ƙarin ruwa, da iskar numfashi, da tsaron zuciya dare da rana. Ko amansa ma yana da haɗari ga masu jinya, sai a buɗe tagogi.

To, abin da muke roƙo shi ne kada a sa wa mutum yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma a jira alama. A kai shi asibiti nan take, domin gawayin asibiti mai riƙe dafi ya fi amfani cikin sa'ar farko. Lalle a tafi da takardar maganin, ita ce za ta nuna wa likita irin dafin.

Malamai su karanta wa almajiransu wannan, magidanta kuma su ɗaga maganin sama, nesa da abinci. Allah ya kiyaye mu, amin.