Zaɓen Burauza Don Aikin Yau da Kullum: Matsayin Rubutun Hausa a Kwamfutar Tebur

1.0 Gabatarwa

Azare, wadda ta zama mazaunin sarautar Katagum tun 1916, gari ne mai manyan makarantu. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ba da nisa ba. Malaman waɗannan makarantu da ɗalibansu ta kwamfutar tebur suke neman mujallu, su aika maƙalu, su shigar da sakamakon jarrabawa. Duk waɗannan ayyuka ta ƙofa ɗaya ake shiga, wato burauza. Amma galibi ba a zaɓar ta, wadda mai gyaran kwamfuta ya sanya ita ake amfani da ita har ranar da ta ba da matsala.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana ma'aunan da ya kamata mai nazarin harshe ya bi wajen zaɓen burauza. Za a nuna cewa yawancin laifin da ake ɗora wa burauza game da lalacewar rubutun Hausa ba nata ba ne, sannan a fito da wuraren da burauzoji suka bambanta da gaske.

2.0 Ma'anar Burauza

Burauza manhaja ce da ke karɓo shafi daga intanet, ta karanta umarnin da ke cikinsa, ta zana shi a fuskar kwamfuta. Ta bambanta da injin bincike irin Google, wanda shi shafi ne da ake ziyarta ta cikin burauza. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ta bi tsarin Hausa: ta ƙare da wasalin a, don haka ta ɗauki jinsin mace, jam'inta kuma ya hau ƙirar mota/motoci da tasa/tasoshi. Ganɗantawar da ta mayar da t zuwa c, da s zuwa sh, ita ce ta mayar da z zuwa j a cikin burauzoji.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro burauza ta farko a 1990 a cibiyar CERN da ke Suwizalan. Mosaic ta biyo baya a 1993, sai Netscape a 1994, sai Internet Explorer a 1995. Safari ta fito a 2003, Firefox a 2004, Chrome a 2008, Edge kuma a 2015. Kamfanin Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022.

Duk da yawan sunaye, injinan da ke zana shafi a manyan burauzoji uku ne kawai. Chrome da Edge da Opera da Brave suna aiki da Blink, Firefox tana aiki da Gecko, Safari kuma da WebKit. Opera ta koma kan Blink a 2013, Edge ta bi sahu a 2020. Saboda haka, wanda shafi ya ƙi fita masa daidai a Chrome, ya koma Edge, bai canza inji ba, riga kawai ya canza.

4.0 Rubutun Hausa a Burauza

4.1 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Tun cikin shekarun 1930 rubutun boko ya tsaya kan baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ. A Jamhuriyar Nijar ana ƙara ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Waɗannan baƙaƙe suna bambanta ma'ana, kamar yadda misalan nan suka nuna:

(1) a. kafa / ƙafa
b. daki / ɗaki
c. bata / ɓata

Tsarin ASCII da kwamfutocin farko suka yi aiki da shi gurabe 128 gare shi, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan baƙaƙe. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane baƙi lambarsa: ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƙ tana da 0199, ƴ kuma 01B4. Duk manyan burauzojin yau suna fahimtar waɗannan lambobi. Abin da ke faruwa shi ne, idan salon haruffan da mai shafi ya zaɓa ba shi da ƙ, sai burauza ta aro ta daga wani salo. Shi ya sa a kan ga baƙin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo a tsakiyar kalma. Idan babu inda za ta aro, sai ta zana ɗan akwati. Maganin wannan shi ne sanya cikakken salo a kwamfutar, irin Charis SIL ko Noto.

Amfanin hakan bai tsaya ga Hausa ba. A ƙasar Katagum ana jin Fulfulde da Kanuri. Fulfulde na buƙatar ŋ da ƴ bayan ɓ da ɗ, Kanuri kuma na buƙatar ǝ. Salon da ya wadatar da Hausa ba lallai ne ya wadatar da su ba.

4.2 Gadon Tsofaffin Salon Haruffa

Kafin Unicode ya yaɗu, an yi dabarar zana baƙaƙen Hausa a gurbin baƙaƙen da Hausa ba ta amfani da su.  Sai dai abin da ido ke gani daban, abin da kwamfuta ta ajiye daban. Ido na ganin ƙ, ɗ, ɓ, alhali kwamfuta ta ajiye q, x, v. Da zarar rubutun ya hau intanet, ko an buɗe shi inda babu salon, sai ya koma haka:

(2) a. ƙasa > qasa
b. ɗaya > xaya
c. ɓarawo > varawo

Babu burauzar da za ta gyara wannan, domin abin da aka ba ta shi ta nuna. Babbar illar ita ce, mai neman kalmar ƙasa ba zai samu kundin da ya ajiye ta a matsayin qasa ba, sai aikin shekaru ya ɓuya ga masu bincike. Gyaran yana hannun marubuci: ya musanya baƙaƙen uku, manya da ƙanana, da na Unicode kafin ya saki rubutun, tare da lura da kalmomin Ingilishi da ke ciki don kada su ma su canza. Sabon rubutu kuwa sai a buga shi da tsarin allon Hausa da ke cikin Windows, ko da manhajar Keyman.

4.3 Karin Sauti da Tsawon Wasali

A nan ne aka fara samun bambanci mai amfani ga masanin harshe. Dubi waɗannan kalmomi:

(3) a. kūkā (zubar da hawaye)
b. kūkā̀ (itaciya)

A (3b) wasali ɗaya ne ke ɗauke da alamomi biyu, ta tsawo da ta karin sauti na ƙasa. Zaman alamomin daidai a kan wasali ya danganta da salon haruffa. Amma nemo kalma a cikin shafi aikin burauza ne. Chrome da Edge ba sa kula da irin waɗannan alamomi wajen nema, wanda ya nemi ɗaya zai samu duka biyun. Firefox kuwa, tun 2020, ta ba da zaɓin a nemo kalma tare da alamominta. Mai aiki da ƙamus ko jerin kalmomi masu alamar kari zai amfana da wannan.

4.4 Ajami

Duk manyan burauzoji suna iya jera rubutu daga dama zuwa hagu, su haɗa baƙaƙe. Matsalar Ajamin Hausa ita ce baƙaƙen da babu su a Larabci. Unicode na 13, wanda ya fito a 2020, ya ƙara wasu baƙaƙe domin Hausa da Wolof. Ƙungiyar SIL kuma ta samar da salon Alkalami, mai bin rubutun hannu irin na Kano, da salon Harmattan. Tsohuwar burauza a tsohuwar kwamfuta ita ta fi kasa haɗa sababbin baƙaƙen yadda ya kamata.

5.0 Sauran Ma'aunai

5.1 Fassara

Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kuma da ita Chrome ke fassara shafi. Microsoft ya sanya Hausa cikin tasa a 2023, wadda Edge ke amfani da ita. Dukkansu suna aika rubutun zuwa kwamfutocin kamfanin kafin su dawo da fassara, don haka bai dace a ba su tambayoyin jarrabawa ko kundin da ba a kare ba. Firefox ta fito da fassarar da ake yi a cikin kwamfutar mutum a 2023, amma da harsunan Turai ta fara. Haka kuma, mai nazarin karin harshe irin Guddiranci ya sani cewa daidaitacciyar Hausa ce ta fi yawa cikin rubutun da injin fassara ke koyo da shi.

5.2 Shekarun Kwamfuta

Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Chrome da Edge sun tsaya a kai a fitowa ta 109, a farkon 2023. Firefox ta tsaya a ta 115, amma ta ci gaba da samun gyaran tsaro bayan wancan lokaci. Burauzar da ba a sabunta ta, ƙofa ce marar sakata, musamman ga kwamfutar da ake shigar da makin ɗalibai da ita.

5.3 Data da Wutar Lantarki

Tallace-tallace na cin data, kuma suna nauyaya shafi. Daga 2024 Chrome ta fara dakatar da tsofaffin ƙananan manhajojin da ake jona mata, ciki har da cikakkiyar uBlock Origin mai toshe talla, alhali Firefox ta ci gaba da karɓar ta. A ɗaya ɓangaren, Edge da Chrome suna da tsarin kwantar da shafukan da ba a aiki da su, don rage wa kwamfuta nauyi. Kwamfutar tebur ba ta da batir, saboda haka a inda wuta ke yawan ɗaukewa, ya kamata a kunna zaɓin dawo da shafukan da aka bari a buɗe. Kowace daga cikinsu tana da shi.

6.0 Gwaji Kafin Zaɓe

Ana iya auna burauza cikin 'yan mintoci ta waɗannan matakai:

(a) A buɗe shafin Hausa, a duba ko ɓ, ɗ, ƙ, ƴ sun yi daidai da sauran baƙaƙe.
(b) A buga misalan (3), a nemi kowanne daban.
(c) A buɗe shafin Ajami, a duba haɗuwar baƙaƙe da zaman wasula.
(d) A buɗe kundin PDF, a kwafo sakin layi, a ga ko q, x, v za su bayyana.
(e) A shiga shafin makaranta da ake aiki da shi kullum, a tabbatar komai na tafiya.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ingancin rubutun Hausa a intanet ya fi rataya a kan Unicode da salon haruffa da allon bugu, fiye da sunan burauza. Inda burauzoji suka bambanta shi ne neman kalma mai alamar kari, da fassara, da tsaron tsohuwar kwamfuta, da cin data. Bisa ga haka, shawarar da ta fi dacewa ita ce a ajiye burauza biyu masu inji daban. Firefox ta dace da mai aikin ƙamus da tsarin sauti. Chrome ko Edge ta dace da mai buƙatar fassarar Hausa nan take. Aikin da ya rage wa sassan harsunan Nijeriya shi ne mayar da tsofaffin kundayensu kan Unicode, domin kundin da aka ajiye da q, x, v, kowace burauza aka buɗe shi da ita, haka zai fito.