Ƙanƙarar Ƙarshen Duniya da Damanar Gulbin Maraɗi

Tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Maris na 2002, taurarin ɗan'adam sun ɗauko hoton abin da ya ɗaure wa masana kai. Wani dandamalin ƙanƙara da ake kira Larsen B, a yankin Antaktika da ke ƙarshen kudancin duniya, ya farfashe cikin mako biyar kacal. Faɗin abin da ya tarwatse ya kai murabba'in kilomita 3,250, kaurinsa ya haura mita 200, kuma ya yi aƙalla shekara dubu goma yana zaune daram. Mutumin Maraɗi, wanda sanin ƙanƙararsa bai wuce ta firij da wadda kan zubo da ruwan farko ba, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Sai dai zafin da ke tsaga wannan ƙanƙara shi ne ke dagula mana damana, kuma yadda take rushewa yana da darasi ga duk wanda gidansa ko gonarsa ke bakin gulbi.

Asalin dandamalin daga tudu yake. Dusar ƙanƙara kan zuba a Antaktika shekara da shekaru ba ta narkewa, ta sama tana danne ta ƙasa har ta daskare, kaurinta a wasu wuraren ya wuce kilomita huɗu. Nauyinta ke sa ta gangarawa teku sannu a hankali, shi ya sa ake ce mata kogin ƙanƙara. In ta isa teku ba ta yankewa nan take, sai ta miƙe bisa ruwa tana shawagi alhali gindinta na manne da tudu. Wannan ɓangare mai shawagi shi ne dandamalin. Gefensa na gogar duwatsun gaɓa, cikinsa na dafe da tuddan ƙarƙashin ruwa, don haka yake tokare ƙanƙarar da ke bayansa, yana hana ta kwararowa da sauri.

Ɗumamar yanayi na cin dandamalin ta sama da ta ƙasa, kamar yadda damana ke cin katangar laka: ruwa na bin tsaga daga bisa, laima na zaizaye gindi, katangar na nan tsaye kamar lafiya lau har daren da za ta zube gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In iska ta yi ɗumi, saman ƙanƙarar kan narke ya taru ƙananan tafkuna, ruwan ya gangara cikin tsagogi. Da yake ruwa ya fi ƙanƙara nauyi, sai ya yi ta danna bakin tsagar yana buɗa ta, tana ƙara zurfi har ta fasa zuwa teku. Hotunan Larsen B kafin ya rushe sun nuna dubban irin waɗannan tafkuna jere bisa kansa. A watan Fabrairun 2020 an auna zafin digiri 18.3 a tashar Esperanza da ke wannan yanki, mafi girma da aka taɓa tabbatarwa a doron nahiyar. Ta ƙasa kuma, ruwan teku mai ɗan ɗumi na kutsawa ƙarƙashin dandamali yana lashe shi, yana sirancewa har ya saki tuddan da yake dafe da su. Wannan ne ke faruwa ga kogunan ƙanƙara na Thwaites da Pine Island a yammacin Antaktika.

Mai ilimi zai iya kawo suka cewa ƙanƙarar da ke shawagi ta riga ta ci gurbinta a cikin ruwa, don haka narkewarta ba ta ƙara wa teku wani abin kirki. Gaskiya ne, amma matsalar tana bayan dandamalin. Da Larsen B ya tafi, kogunan ƙanƙarar da yake tokarewa suka ƙara gudu, wasu har ninki takwas, suna juye ƙanƙarar tudu cikin teku, ita kuwa sabon ruwa ce. Thwaites kaɗai na riƙe da abin da zai ɗaga teku da santimita 65. Wani kuma zai ce ai ɓallewar ƙanƙara al'ada ce tun fil azal. Nan ma akwai gaskiya, domin da ƙaton curi ya ɓalle daga dandamalin Brunt a Janairun 2023, masanan da ke aiki a wurin sun ce tafiyarsa ce ta yau da kullum. Bambancin shi ne lafiyayyen dandamali kan yar da baki ya sake tsirowa, amma Larsen A da ya watse a 1995, da Larsen B, da Conger da ya rushe a 2022, ba su dawo ba.

Babbar tambayar ita ce me ya haɗa wannan da garin da ke ɗaruruwan kilomita daga bakin teku. Ruwan teku ba zai taɓa hawowa Maraɗi ba, amma damanarmu daga teku take zuwa. Iskar bazara daga Atlantika take kwaso laima, kuma bincike ya nuna farin 1973 da na 1984 na da alaƙa da sauyin zafin ruwan tekun, lokacin da arewacin Atlantika ya yi sanyi in aka kwatanta da kudancinsa. Ƙanƙarar Girinland, wadda ita ma ke narkewa tana ɓallewa, a arewacin Atlantikan take zuba ruwa marar gishiri, abin da kan iya raunana igiyar ruwan da ke kai ɗumi arewa. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa in narkewar ta yi sauri, damanar Sahel na iya ja da baya, filin noman gero da dawa ya tsuke. Hasashe ne, kuma wasu lissafe-lissafen na nuna ƙarin ruwa a tsakiyar Sahel. Abin da ba hasashe ba shi ne yanayin zubarsa: wani nazarin na 2017 ya gano cewa manyan hadura masu ɓarna sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan sa'o'i kaɗan ya rusa gidaje ya ci rayuka a birnin Maraɗi, a damanar da ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar. Ga kuma fatauci, domin kayan da ke cika kasuwar Maraɗi ta tashoshin Kwatano da Lome da Legas suke shigowa, garuruwan da teku ke cin gaɓarsu.

Maraɗawa ba baƙin irin wannan darasi ba ne. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, ya taɓa Tsibirin Gobir, dole aka tashi aka koma tudu. Ba ɗumamar yanayi ta jawo wannan ba, amma ya nuna cewa daɗewar wuri lafiya ba shaidar amincinsa ba ce. Yau ga unguwanni suna sake gangarawa hanyoyin ruwa, ga magudanai cike da leda da yashi. A Jiratawa kuwa, inda manoma ke noman rani a fili sama da hekta 500 tun farkon shekarun 1980, zogale da tattasai da albasa sun dogara ne ga ruwan da ake janyowa daga ƙarƙashin ƙasa, shi kuma gulbi ne ke ciyar da shi in ya kawo. Gulbin daga ƙasar Katsina yake tasowa, kuma madatsar Jibiya ta riga ta rage masa ƙarfi. Ruwan da ya zo da ƙarfi lokaci guda wucewa yake yi da ƙasar gona, bai tsayawa ya nutse, don haka ana iya shan ambaliya a Agusta a kuma rasa ruwan ban-ruwa a Afrilu.

Ba hayaƙin Nijar ne ya narkar da ƙanƙarar ba, kuma haƙƙin gwamnatocinmu ne su ci gaba da neman manyan ƙasashe su rage hayaƙi su kuma biya kuɗin gyara. Amma jiran su ba zai tare ruwa ba. Manoman jihar Maraɗi ne suka fara sassaben zamani a shekarun 1980, suka bar kututture ya tofo, har itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta na ƙasar nan. Irin wannan himma ake buƙata yanzu. Magadan gari su daina raba filaye a kan hanyar ruwa, a yashe magudanai kafin ruwan farko, a kare gaɓar gulbi da itatuwa, manoma su riƙa sauraron hasashen damana kafin shuka, mai gidan laka kuma ya yi yaɓe tun rani bai ƙare ba.